Maguɗi a Wasan Hamster Kombat

A daminar 2024, daga Bichi har Dambatta, matashi kan taso daga gonar gero ya zarce shagon cajin waya, ya duƙufa dangwalar Hamster Kombat a Telegram. Kuɗin da wani wasa irinsa mai suna Notcoin ya raba a watan Mayu ne ya kwaɗaita wa matasa.

A lokacin, Hamster Kombat yana ƙara maki ga duk wanda ya gayyato wani. Nan masu wayo suka ga ƙofa: suka riƙa buɗe asusu barkatai da layukan 'yan'uwa, wasu suka sa manhajar da ke dannawa da kanta. Mamallaka wasan sun ce sun rufe asusu miliyan 2.3 saboda maguɗi.

Ranar 26 ga Satumba aka yi rabon kuɗin wasan. Abin takaici, da yawa cikin waɗanda suka danna da gaskiya ba su mayar da kuɗin data da caji ba.