MU FITA MU RUBUTA GANSAKUKAR GARINMU

Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiyar gari

Mun zo da shawara ɗaya: bana, in damina ta zauna, ƙungiyarmu ta riƙa fita daji ta rubuta gansakukar da ke tsirowa a ƙasarmu.

Mun san wasu za su ce: jama'a na batun hatsi, mushe na batun gansakuka. Ku yi haƙuri, ku saurare mu.

Da Hausa, koren abin da ke kan ruwan tabki da wanda ke manne a gindin bango, duka gansakuka muke ce musu. Masu ilimin tsiro sun raba su. Na kan ruwa dangi ne dabam, ba da shi muke ba. Na tudu iri biyu ne manya. Na farko, da Faransanci mousse, yana da ɗan kara da ƴan ganyaye ƙanana ƙwarai. Na biyu, hépatique, wato mai kama da hanta: da yawa cikinsu a kwance suke bisa ƙasa, shimfiɗe. Duka biyu ba su fure, ba su ƴaƴa, ba su da saiwar gaske. Da wata ƙurar iri suke yaɗuwa, kuma ba su haihuwa sai da damshi. A duniya an san kamar iri 20.000.

Cikin masu kama da hanta akwai dangin Riccia, wanda ke son ƙasa irin tamu. In ruwan tabki ya fara ja da baya, ku duƙa ku dubi laka. Za ku iya ganin ɗan koren abu a zagaye, bai fi faɗin kwabo ba, bakinsa a rarrabe. Ƙurar irinsa cikin jikinsa take. In rani ya zo ya ruɓe, ƙurar ta zauna cikin ƙasa tana jiran wata damina.

To, wane ne ke fita neman irin wanga abu? A Ingila akwai ƙungiya don shi kaɗai. An kafa ta a 1896, mutane na aika ma juna abin da sunka tsinta. A 1923 ta ɗauki sunan da take da shi yau, British Bryological Society. Mafi yawan ƴan ƙungiyar ba aikinsu ke nan ba, sha'awa ce. Suna da rassa a jihohi. Reshe kan sa rana, a taru, a tafi daji ko maƙabarta ko bakin rafi, kowa da madubi mai ƙara girma, sabon shiga na bin wanda ya sani. Sun raba ƙasarsu murabba'i murabba'i, kowane kilomita 10 tsawo, 10 faɗi, suna rubuta abin da sunka gani cikin kowane. A 2014 sunka buga littafin taswira mai iri 1.069 na Birtaniya da Ailan.

Ga amfanin da wanga rubutu ya yi. Akwai gansakukar jikin itace da ba ta jimre hayaƙin kwal. Lokacin da hayaƙin masana'antu ya yi yawa, ta ɓace kewayen manyan birane. Da iska ta gyaru, ta komo. Ba don an rubuta inda take da inda babu ta ba, shekara bisa shekara, da ba wanda zai iya shaida haka.

Mu fa? Dattawanmu na nan suna faɗin ciyayin da sunka ɓace bayan farin 1973 da na 1984. Mun yarda da su. Amma in an tambaye mu wace ciyawa, a wane fili, wace shekara anka gan ta ƙarshe, ba mu da takarda ko ɗaya. Haka kuma a littattafan masana: wani Bature, E. W. Jones, ya daɗe yana binciken masu kama da hanta na Afirka ta Yamma, an buga littafinsa a 2004, amma yawancin aikin a ƙasashen kurmi anka yi shi. Abin da anka rubuta game da Nijar kaɗan ne ƙwarai.

Kuma abin ya shafi gona. Kun san baƙar fatar nan da ke rufe saura in an bar ta ta huta. Wani ɗan ƙasarmu, Oumarou Malam Issa, da abokan aikinsa sun yi bincike a kanta a yammacin Nijar, sun buga a 1999. Wagga fata rai gare ta: ƙananan halittu ne masu kamar zare ke ɗaure yashi, iska ba ya kwashe shi da sauƙi. Inda akwai inuwa da damshi, gansakuka na shiga cikinsu. Wanda ya koyi duba ƙasa a duƙe zai gane inda take warkewa da inda take mutuwa.

Ga yadda muke so a yi:

1. Lokaci: daga Agusta zuwa Oktoba, sau biyu a wata, da la'asar, don kada a hana kowa noma.

2. Wurare: bakin tabki, fadama, gindin suri, ƙarƙashin tsamiya, gindin bango inda indararo ke zuba, bakin tsofaffin rijiyoyi.

3. Kaya: kaye, kireyon, ƴar wuƙa, tsofaffin takardu, madubi mai ƙara girma. Mai waya ya ɗauki hoto.

4. Rubutu: rana, sunan wuri, irin ƙasa (jigawa, laka ko fako), rana ko inuwa, sunan wanda ya gani. Ko ba mu samu kome ba, mu rubuta ba mu samu ba.

5. Ɗiba: kaɗan, kamar faɗin farce, a bar saura. A naɗe cikin takarda, a shanya a inuwa. Ban da leda, tana ruɓar da shi.

6. Yara: ba mai leƙa rijiya sai da babba, ba mai shiga tabki, saboda tsargiya.

Kaye biyu za mu riƙe, ɗaya a lakwal, ɗaya a hannun magatakardan ƙungiya. Abin da ba mu gane ba mu adana, mu nemi malaman jami'a na Maraɗi ko na Yamai su duba mana.

Muna roƙon dattawa su fita tare da mu, don su ne sunka san sunayen wurare da inda ruwa ke kwanciya tun da. Muna roƙon iyaye mata masu ɗibar ruwa da itace su gaya mana inda sunka ga kore. Amfanin wanga kaye ba bana zai fito ba, sai an maimaita shi shekaru, amma sannu ba ta hana zuwa.

Mai son shiga ya ba magatakarda sunansa kafin a watse.