Bayin da Aka Ƙwato a Teku: Ina Suka Ƙare?

 

Mu mazauna Ikko kullum muna ganin teku, amma kaɗan ne a cikinmu suka san abin da ya wakana a kan ruwan nan wajen shekara 200 da suka wuce. A 1807 ne majalisar Ingila ta haramta wa mutanenta fataucin bayi, daga 1808 kuma ta zuba jiragen yaƙi suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Daga baya ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashe irin su Fotugal da Sifen, har aka kafa kotun haɗin gwiwa a Firitawun ta ƙasar Saliyo a 1819, inda ake yanke hukuncin jiragen da aka kama. An ƙiyasta cewa cikin shekara kusan 60 sun kama jirage wajen 1,600, sun ƙwato mutum wajen 150,000. Adadi ne mai yawa, amma bai kai ɗaya cikin goma na waɗanda aka ƙetarar a wannan zamani ba.

To jama'a, idan muka ji an ce "an ƙwato", sai mu ɗauka an mai da kowa gidan ubansa. Ina! Jirgin da aka tare a nan bakin Ikko ko Badagiri, sai an kora shi har Firitawun, tafiyar makonni, mutane na cunkushe a ciki yadda aka loda su, ga atini, ga ƙarancin ruwan sha. Da yawa a hanya suka cika. Su kuma sojan ruwan ba kyauta suke yi ba: a farkon lamarin doka ta yanka musu lada fam 40 a kan namiji, fam 30 a kan mace, fam 10 a kan yaro. Wani abin takaici kuma, a shekarun farko ba a iya riƙe jirgin wata ƙasa sai an sami bayi a cikinsa, saboda haka wasu masu jiragen in sun hango an biyo su sai su watsa mutane cikin ruwa.

Wanda ya isa da rai, sai a rubuta sunansa, da shekarunsa, da tsawonsa, da irin tsagen fuskarsa. Littattafan suna nan har yau. Daga nan sai rabo: ƙarfafan samari a sa su soja ba tare da an nemi yardarsu ba, yara a ba da su ga masu gida su yi shekaru suna bauta da sunan koyon sana'a, saura a kai su ƙauyuka irin su Rijent da Kisi da Watalu su yi noma. Daga wajen 1840 aka fara kwasar wasu zuwa Jamaika da Tirinidad aikin ƙodago a gonakin rake, wato dai irin aikin da aka hana mai jirgi kai su yi. Waɗanda aka sauke a tsibirin Sent Helena kuwa sun kai 25,000, kuma wajen 8,000 a can aka binne su.

Ina namu a ciki? Bayan 1804 yaƙe-yaƙe sun cika ƙasar Hausa da Barno da Nufe, daular Oyo ma ta shiga rikici. Kamammu suka yi ta gangarowa kurmi daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma mu faɗi gaskiya, hannun baƙar fata ne ya miƙa su har bakin ruwa. Akwai Ali Eisami, ɗan wani malami a Barno, wanda aka biyo da shi ta ƙasar Hausa zuwa ƙasar Yarbawa, aka sayar da shi ga masu jirgi, aka ƙwato shi a 1818. A Saliyo aka sa masa suna William Harding, a can ya tsufa. Daga bakinsa wani Bajamushe mai suna Koelle ya rubuta nahawun Barbarci, kuma a littafin harsuna da ya buga a 1854 akwai Hausar Kano da ta Katsina, daga bakin mutanen da ya tarar a Saliyo. Haka ma Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, ya ɗebi Hausarsa ne wurin irin waɗannan bayin Allah. Kun ga ke nan, bokon da muke karanta wannan mujalla da shi, akwai guminsu a tushensa.

Yarbawa sun fi samun hanyar komowa, don garuruwansu na kusa da ruwa. Daga 1839 suka fara haɗa kuɗi suna sayen jirage, suna sauka Badagiri, suna wucewa Abekuta, daga baya Ikko. Su ne ake kira Saro. Ajayi Crowther, wanda aka ƙwato jirginsu a bakin Ikko a watan Afrilu na 1822, ya sake ganin mahaifiyarsa a Abekuta a 1846, bayan shekara 25 da rabuwa. Muhammadu Shitta Bey, mai masallacin nan na cikin Ikko da aka buɗe a 1894, a Watalu ta Saliyo aka haife shi.

Bahaushe fa? Ko ya sauka Badagiri, tsakaninsa da Kano tafiyar watanni ce a ƙasa, ta cikin yankunan da ake kama mutane, mai yiwuwa ma ta kasuwar da aka sayar da shi tun farko. Takardar 'yancin da Bature ya ba shi ba ta da amfani da zarar ya bar bakin ruwa. Shi ya sa akasarinsu suka haƙura da zaman Saliyo, suka yi aure cikin wasu ƙabilu, jikokinsu suka tashi da harshen Kiriyo.