Tsohuwar Uwar Garke da Kwamfutocin da ke Cikinta



Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne wata na'ura wadda da yawa daga cikinmu za mu gada ranar da muka kama aiki a ma'aikata, watau tsohuwar uwar garke mai ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo. Ita kwamfutar kwaikwayo ba ta da gangar jiki. Wata manhaja ce ke yanka mata rabo daga ƙwaƙwalwa da rumbun babbar na'ura, ta riƙa cin gashin kanta, kamar yadda mai gida kan raba wa 'yan haya ɗakuna. Dabarar ta daɗe. Kamfanin IBM ya fito da VM/370 tun 1972, sa'an nan VMware, wanda aka kafa a 1998, ya fitar da ESX a 2001. Sau da yawa cikin irin wannan na'ura ake tsare sakamakon jarrabawa ko lissafin albashi, in ta tsaya kuwa jama'a ne za su sha wuya.

Wahalar farko ita ce shiga. Tsofaffin ESXi sukan nemi a ɗora manhajar vSphere Client a kan Windows, kuma lalle ta dace da zubin uwar garken. Daga ESXi 6.5 na 2016 ne aka bar wannan manhaja aka dogara ga burauza. Wanda ya tarar da VMware Server 2, ta ƙofa mai lamba 8333 zai shiga. Sai dai burauzar yau takan ƙi tsohon tsarin sirranta saƙo, shafin vCenter da aka gina bisa Flash kuma ya daina buɗuwa bayan da aka yi watsi da Flash a ƙarshen 2020. In duk hanyoyi sun toshe a ESXi, akwai SSH. Umurnin vim-cmd vmsvc/getallvms zai jero kwamfutocin da lambobinsu, da lambar kuma ake kunna kowace ko a kashe ta.

Bayan shiga sai kulawa. Kafin mu taɓa kome, ya kamata mu rubuta sunan kowace kwamfuta da aikinta da sashen da ke amfani da ita. Mu sani kuma cewa fayiloli ne kurum ke riƙe da ita: na vmx mai bayanin tsarinta, da na vmdk wanda shi ne rumbunta. Su za a kwafa a ajiye a wani wuri dabam. Kada mu ɗauki hoton yanayi a matsayin ajiya, domin yana zaune wuri ɗaya da asalin, kullum yana kumbura, in ya cika rumbu kwamfutocin duka sai su tsaya. VMware kansa ya ba da shawara kada a bar shi ya wuce awa 72.

Babban hatsari shi ne a bar na'urar tana fuskantar intanet. A watan Fabrairu na 2023 masu garkuwa da bayanai suka kulle dubban uwayen garke na ESXi a Faransa da wasu ƙasashe, alhali tun Fabrairun 2021 aka fitar da gyaran ɓarakar da aka danganta harin da ita. ESXi 6.5 da 6.7 kuwa wa'adin tallafinsu ya ƙare a Oktoban 2022. Don haka a killace na'urar cikin layin ofis, a sake kalmar sirrin da aka gada, a rufe SSH da an gama aiki.

Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma lalle ne mu shirya ƙaura tun rumbu bai mutu ba. Tun da Broadcom ya sayi VMware a 2023 lasisi ya koma na biyan kuɗi a kai a kai, saboda haka ofishin da ba shi da ƙarfi zai iya duba KVM ko Proxmox, waɗanda ake samu kyauta. A gwada kwafin a sabon wuri tukuna, sa'an nan a kashe tsohon.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.