Gudu da Doka a Titunan Birnin Sakkwato: Nazari a kan Koken Direbobi



GABATARWA

Manufar wannan lacca ita ce a dubi wata jayayya da ta daɗe tsakanin masu tuƙi da hukuma, watau batun ƙayyade gudun abin hawa a cikin gari. Direbobi na kukan an takura musu, hukuma kuwa na cewa rayuka take karewa. Za a fara da yadda titunan Sakkwato suka samu, sa'an nan a kawo abin da doka ta tanada, a saurari koken direbobi da adalci, a auna shi da ma'aunin lissafi da na al'ada, daga ƙarshe a kawo shawarwari.

BIRNIN DA TITUNANSA

Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a shekarar 1809, ya kuma kewaye ta da ganuwa, ba wanda ya yi tunanin mota. Hanyoyin da suka taso daga Ƙofar Rini da Ƙofar Kade da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya zuwa Kanwuri, hanyoyi ne na mai ƙafa da mai jaki da mai doki da mai raƙumi. Bayan zuwan Turawa a 1903, jirgin ƙasa bai iso birnin ba, domin layin dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka a kan babbar mota aka dogara wajen shigo da kaya da fitar da su, direba kuma ya sami wani matsayi na musamman a idon jama'a.

Da birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sa'an nan ta Jihar Sakkwato a 1976, sai aka buɗe manyan tituna irin su Titin Ahmadu Bello da Titin Abdullahi Fodiyo da Titin Maiduguri. Daga baya aka yi hanyoyin kewaye na gabas da na yamma, da gadojin sama irin ta Rijiyar Ɗorawa da ta Runjin Sambo. Sakamakon haka shi ne a yau birni ɗaya yana ɗauke da tituna iri biyu: lungunan da aka gada daga zamanin doki, da shimfiɗaɗɗun hanyoyi masu kiran ƙafar direba zuwa totur. Hanyoyin kewayen ma, waɗanda aka yi domin manyan motoci su kauce wa gari, gari ya riga ya cim musu, gidaje da shaguna da makarantu sun jeru a gefensu. A kan titi guda za a ga tirelar siminti daga Kalambaina, da ɗan kabu-kabu, da keke-napep, da mai kurar ruwa, da almajiri, da garken tumaki.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Wole Soyinka, ita ce ke lura da ka'idojin hanya. Bisa ga waɗannan ka'idoji, ƙaramar mota da tasi da bas ba za su wuce kilomita 50 a awa ɗaya ba a cikin gari, tanka da tirela kuwa 45. A babbar hanya ta bayan gari an yarje wa ƙaramar mota 80, a tagwayen hanyoyi na musamman kuma 100.

Abubuwa biyu ne suka sake tayar da maganar a 'yan shekarun nan. Na farko, daga ranar 1 ga Fabrairu 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya da na kamfanoni sanya na'urar ƙayyade gudu, wadda ke hana injin wuce wani mataki komai taka totur da direba zai yi. Na biyu, a taron ministoci na duniya da aka yi a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairu na 2020, an yi kira da a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa da masu keke, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta mai da wannan kira taken makonta na kiyaye haɗurra a watan Mayu na 2021. Ga kuma tuddan rage gudu, waɗanda wasu hukuma ta yi, wasu kuwa mutanen unguwa ne suka tara kuɗi suka gina bayan mota ta buge musu yaro. Wannan tudu shi ne dokar da direba ba ya iya yi wa gardama, shi ya sa ya fi jin haushinsa.

KOKEN DIREBOBI

Ba daidai ba ne a ɗauki duk mai ƙorafi a matsayin mai ganganci. Koken direbobi ya kasu gida huɗu.

Na ɗaya, batun balas. Galibin masu tuƙin haya ba su ne suka mallaki abin hawan ba. Akwai kuɗin da za su kai wa mai mota ko mai babur kullum, ko an samu ko ba a samu ba, ga kuɗin ƙungiya, ga na mai, wanda ya ninninka tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023. Abin da ya ragu bayan duk wannan shi ne cefanen gida. A wurin irin wannan mutum yawan sawu shi ne yawan samu, duk abin da ya rage masa gudu kuwa gani yake yi ya taɓa tukunyarsa.

Na biyu, rashin alama. Direba na tambaya: ina allon da ya nuna iyakar gudu? Ina aka ce gari ya fara, ina aka ce ya ƙare? Motoci da yawa ma malejinsu ya daɗe da mutuwa, direba da kunne da iska yake auna gudunsa.

Na uku, bambanci wajen hukunci. Mai bas yana kallo ayarin manya ya wuce da jiniya kamar walƙiya, 'yan rakiyar amarya su yi wasa da mota a tsakiyar titi, ba wanda ya ɗaga musu hannu, amma shi a tsare shi. Dokar da ta san na gida da bare, da wuya ta sami girma a zuciyar talaka.

Na huɗu, ɓarnar tuddai. Tudun da aka gina ba bisa awo ba, ba fenti, ba alama, yana lalata ƙarƙashin mota, yana kayar da mai babur da dare, yana kuma wahalar da majinyaci da mace mai naƙuda a kan hanyar asibiti.

Uku daga cikin waɗannan koke-koke, watau na biyu da na uku da na huɗu, gaskiya ne tsantsa, kuma laifin yadda ake aiwatar da doka suke nunawa. Na ɗayan ne kaɗai ke ƙalubalantar dokar kanta, don haka shi ya kamata a ɗora a kan sikeli.

MA'AUNIN LISSAFI

A ɗauki tafiyar kilomita 5 a cikin gari. Mai gudun kilomita 50 zai yi ta a minti 6, mai gudun 30 kuwa a minti 10. Bambancin minti 4 ke nan, in har titi fayau yake daga farko zuwa ƙarshe. Amma wanda ya san shataletalen Dandima ko bakin Babbar Kasuwa da hantsi ya san ba haka abin yake ba. Tsayawar ɗaukar fasinja da cunkoso da mahaɗar hanyoyi su ne ke cin lokaci, wanda ya sheƙa a guje kuwa sau da yawa a mahaɗa ta gaba wanda ya bari a baya zai tarar da shi. Daɗin daɗawa, yawan taka totur da taka birki yana ƙara shan mai, yana cinye taya da birki, ribar da ake zaton an ci sai ta koma aljihun bakanike.

To, a ɗaya gefen sikelin me aka ɗora? Direba mai cikakken hankali yana bukatar kimanin daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin yaro da taka birki. A gudun kilomita 30, motar za ta ci kimanin mita 8 a wannan daƙiƙa, ta ƙara mita 5 tana birki a kan busasshiyar kwalta, ta tsaya cik a mita 13. A gudun kilomita 50 kuwa, kusan mita 14 za ta ci kafin ƙafar direba ta kai ga birki, ba za ta tsaya ba sai a wajen mita 28. Ma'ana, a daidai inda ta farko ta tsaya yaro ya tsira, ta biyu ko rage gudu ba ta fara yi ba.

Ƙarfin bugu ma ba a hankali yake hawa ba, domin idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninkawa huɗu yake yi. Wanda mota ta buge a gudun kilomita 30 kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita uku da rabi ne. A gudun 50 kuwa kamar wanda ya faɗo daga mita 10, watau daga saman bene mai hawa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, nahiyar Afirka kuma ita ce kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Akwai kuma wani abin lura game da na'urar ƙayyade gudu. Ana saita ta ne a kan gudun babbar hanya, saboda haka tana da amfani tsakanin Sakkwato da Gusau ko Birnin Kebbi ko Illela, amma ba ta hana bas yin gudun kilomita 80 a gaban makarantar firamare. Matsalar cikin gari sai da maganin cikin gari.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Wannan gunaguni ba a Sakkwato aka fara shi ba. A Ingila, dokar 1865 ta hana motocin tururi wuce mil 2 a awa a cikin gari, har da mutum mai jan tuta yana tafe a gabansu. Ba a sassauta ta sosai ba sai a 1896. Wannan misali ne na doka da ta wuce gona da iri. A zamanin nan, birnin Burasels ya mayar da yawancin titunansa kilomita 30 a watan Janairu na 2021, Faris ta bi sahu a watan Agusta na wannan shekara. Yankin Wels na Birtaniya ya rage iyakar cikin gari daga mil 30 zuwa mil 20 a ranar 17 ga Satumba 2023, sai mutum fiye da 460,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. A 2024 gwamnatin yankin ta yarda a sake duba wasu manyan tituna, amma ta bar dokar a unguwanni da bakin makarantu, alƙaluman hukuma kuma sun nuna raguwar waɗanda suka mutu ko suka ji rauni. Darasin shi ne, jama'a sukan karɓi ragi a inda suka ga dalilinsa da idonsu, sukan yi bore idan aka yi wa tituna kuɗin goro.

A gida ma akwai abin tunawa. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, bayan an daɗe ana shela a rediyo da tashoshin mota da kasuwanni. Direban da ya iya sauya hannu a wayewar gari ɗaya ba zai kasa sauya gudu ba, muddin an yi masa bayani da harshen da yake ji.

HARSHE DA AL'ADA

Bahaushe ya bambanta hanzari da gaggawa, ya bambanta zafin nama da garaje. Yana yabon na farko, yana zargin na biyu. Shi ya ce sauri ya haifi nawa, ya ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, ya kuma ce zafin nema ba ya kawo samu. Amma a tasha akwai wani harshe dabam, inda ake kiran mai ƙure maleji gwani ko namijin duniya, fasinja da kansu su riƙa yi wa mai natsuwa ba'a cewa da jaki suka hau da sun isa. Wannan kirari yana cikin abubuwan da ke zuga matashin direba, kuma ba doka ce za ta kashe shi ba, sai malamai da mawaƙa da masu wasan kwaikwayo da shugabannin tasha.

Malaman wannan birni ma ba baƙi ba ne ga mas'alar. A littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan Sakkwato tun zamanin masu jihadi, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, ko mai janta, ko mai korarta. Kalmar da aka kira mai korar dabba da ita, ita ce Larabawan yau ke kiran direba da ita. Ke nan ƙa'idar cewa mai riƙe da linzami shi ke da alhakin abin da ya taka ta girmi mota da shekaru kusan dubu.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, shawarwari biyar sun fito. A rarrabe tituna: kilomita 30 a cikin tsohon gari da bakin kasuwanni da makarantu da asibitoci da masallatan Juma'a, 50 a manyan tituna. A kafa alluna da Hausar boko da ajami a inda kowane mataki ya fara da inda ya ƙare. Ma'aikatar ayyuka ta karɓi aikin tuddai, ta rushe na ganganci, ta gina masu awo da fenti a inda mutanen unguwa suka nema. A zauna da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu da masu motoci a kan batun balas, domin matuƙar yunwa ce ke taka totur, tara ba za ta ɗaga ƙafar ba. Na ƙarshe, kuma mafi nauyi a kan ma'aikatan da ke wannan zaure, motar gwamnati ta zama ta farko wajen bin doka, gama idan direban ofis ya rage gudu a Titin Ahmadu Bello, mai bas ba shi da sauran hujja.

Ɗaliban da ke bin hanyar Kwalkwalawa safe da yamma zuwa jami'a, su ne fasinjan yau, su ne masu motocin gobe, wasunsu kuma su ne za su rubuta dokokin jibi. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.