Daga Jakar Wasiƙunku: Kafin Ka Sa Jari A Fim Ɗin Aljannu

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Doka, nan cikin garin Kaduna. Ya ce ƙanensa da abokansa za su shirya fim na tatsuniya, mai aljannu da dodanni, suna neman ya sa musu jari da kuɗin da ya ajiye don sarin masara in kaka ta yi. Sun nuna masa hotunan gwaji da suka haɗa da kwamfuta, har da doki mai tashi sama, abin ya burge shi ƙwarai. Shi ne yake tambaya, ya bayar ko kada ya bayar?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Kai da kake sana'ar hatsi ka fi mu sanin cewa ba a sayen buhu don kyan ɗinkinsa, sai an buɗe an ga ƙwaya. Haka fim yake. Sun nuna maka buhu, saura ka ga labarin.

Mayar da littafi ko tatsuniya fim ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya kuma 'yan fim na Kano suka yi Daskin Da Riɗi daga tatsuniya. Abin da ke riƙe mai kallo a irin waɗannan shi ne ya san abin da jarumi ke nema, da abin da zai rasa in bai samu ba. Dubi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Akwai aljannu da abubuwan mamaki a ciki, amma me ya fitar da Alhaji Imam daga Kwantagora? An kunyata limamin da ya riƙe shi a gaban sarki, don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da yarima. Wanke wannan kunya ita ce igiyar da ta ɗaure labarin daga farko har ƙarshe, duk da rikicin Malam Zurƙe a hanya.

In igiyar nan ta tsinke, kuɗi ba su ɗaura ta. Ga misali daga waje. A 1937 wani malamin jami'a a Ingila, J.R.R. Tolkien, ya fitar da littafin yara mai suna The Hobbit, labarin wani ɗan taliki Bilbo da ya raka wasu gajerun mutane 13 ƙwato dukiyarsu daga wani dodo mai aman wuta. Littafi ɗaya ne, amma Peter Jackson ya ja shi ya zama fim uku, a 2012 da 2013 da 2014, kusan awa 8. An ɗauki duwatsu da koguna na ƙasar Niyu Zilan, dodon nan kamar ka taɓa shi. Sai dai don a cike lokaci, aka ƙirƙiro wata jaruma da ba ta cikin littafin, aka liƙa mata soyayya. Yaƙin ƙarshe, wanda a littafi dutse ya sumar da Bilbo bai ma ga ƙarshensa ba, shi ya cinye yawancin fim na uku. Masu sharhi da yawa suka ce mai labarin ya ɓace cikin labarinsa. Kunun mutum ɗaya ke nan aka tsinka da ruwa don ya ishi uku. Gaskiya fim ɗin ya kawo kuɗi, amma sunan littafin da na mai fim ɗin sun riga sun sayar da shi. Ƙanenka ba shi da wannan gata.

Saboda haka ga shawararmu. Ka tara yaran gidanka bayan sallar lisha, ƙanen naka ya ba su labarin da baki, ba waya ba hoto. Ka lura da abu uku. Me jarumin yake nema? Me zai same shi in ya kasa? In aka cire dokin nan mai tashi da waƙoƙi, akwai sauran labari? In yara suka hana shi tashi suna cewa sai kuma me ya faru, to, akwai ƙwaya a buhun. In suka fara hamma, ka ce ya koma ya gyara rubutu, don gyara a takarda ya fi araha.

Ko da labarin ya yi daɗi, kada ka taɓa uwar kuɗin sarinka. Ka ba da abin da in ya tafi ba zai tayar maka da rumfa ba, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, don zumunci ya ɗore.

Da fatan mun gamsar da kai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.