Ginin Da Gari Zai Fake A Ciki Ranar Tsanani

Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamaina, shugabannin ƙungiyoyin manoman rani, da iyayenmu mata da ke can baya.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya daina zama baƙon damina a Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa mun iya ta, tumatir da alkama ma haka. Abin da ba mu tanada ba shi ne inda gari zai fake in rana ta ɓaci. Dattawan cikinku ba su manta da 1988 ba, shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Matasa kuwa sun ga kullen korona a 2020, sun ga farkon 2023 da takardar Naira ta yi ɓatan dabo, mutum da buhunan shinkafa jibge a ɗaka amma ba shi da kuɗin allura. In kuma ambaliya ce, firamare ake buɗewa a zuba mutane, ba ruwan sha, ba makewayin kirki.

To, wane irin gini nake nufi? Mu fara daga ƙasa. Yankinmu ya ƙoshi da ruwa har ya yi masa yawa. Wanda ya yi gini kusa da kanal ya san yadda danshi ke hawa bango, ya bar farin gishiri kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ka dangwala yatsa yaɓen ya zubo kamar gari. Saboda haka a nemi tudu, a ɗaga harsashi da dutse da siminti har ƙugu, sannan a ɗora tubalin ƙasa mai kauri. Na ga wasu sun yi murmushi. Kada ku raina ƙasa. A Dandaji, cikin jihar Tawa ta Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018, tsohon masallacin kuma aka mai da shi ɗakin karatu. Bango irin wannan yana riƙe sanyi a watan Afrilu ba tare da an jira wuta ba.

A kan rufi a sa sola, ta ja ruwan burtsatse, ta riƙe firjin magani. Buntun shinkafar da ke tsibi a bayan injinan Kura shi ne makamashin girki. A yi rumbu, a yi daɓe mai tsabta na shanya kauda, a daina baza tumatir a bakin titi ƙura na binne shi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne mabuɗi. Na taɓa shiga wani ɗakin taro da aka kashe kuɗi aka gina, na tarar da kwaɗo ya yi tsatsa, jemagu sun gaje ɗakin, batiran sola an kwashe. An gina shi don jiran wata rana, ba wanda ke da sha'ani da shi yau. Namu kuwa dole ya yi aiki kullum: da safe mata masu turara shinkafa, da yamma yara masu karatu, ranar kasuwa a auna hatsi, ɗan kuɗin cajin waya ya tafi asusun gyara.

Roƙona gare ku, shugabannin manoman rani: a taronku na gaba, kafin a shiga maganar yashe kanal, ku zaɓi fili a kan tudu, ku kai wa dagaci, kuma ku sa mata cikin masu riƙe mabuɗin.