Mawaƙi da Masu Sayen Faifansa



Tambayar da wannan lacca za ta duba ita ce: idan jama'a suka ɗaukaka mawaƙi ta hanyar sayen fayafayansa, shin sun sami ikon hana shi sauya salo? A ƙasar Hausa makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa ya san ubangidansa, ya kuma san abin da zai faranta masa. Amma mawaƙin da ke tsara waƙarsa da kansa, ya rera ta shi kaɗai, kamar yadda Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntiginsa, iyayen gidansa dubbai ne, wato duk wanda ya sa kuɗi ya sayi faifai. Labarin Bob Dylan na Amurka ya isa misali.

Dylan ya fitar da faifansa na farko a 1962. A shekarun 1963 da 1964 ya shahara da waƙoƙin neman haƙƙin baƙar fata da na ƙyamar yaƙi, ba shi da abin kiɗa sai jita ta katako da ɗan abin busa. Masoya waƙoƙin gargajiya suka ɗauke shi bakinsu. A watan Maris na 1965 sai ya fitar da faifan Bringing It All Back Home, wanda fuska ɗaya kiɗan lantarki ne da ganguna. Ran 25 ga Yuli na shekarar, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, wasu 'yan kallo suka yi masa ihu. A Mancista ta Ingila kuwa, ran 17 ga Mayu 1966, wani ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato maci amana.

Bai kamata a raina fushin waɗannan mutane ba. A ganinsu, jita ta katako alamar gaskiya ce da zama tare da talakawa, lantarki kuwa alamar kasuwa ce. Su suka tallafe shi tun bai zama kowa ba, kuma Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai dai abin da suka auna shi ne alkawarin da suke zaton ya yi musu, waƙoƙin kansu ba su sami shiga ma'auni ba. Fayafayan da aka ƙi a lokacin su ne yau ake lissafawa cikin mafi ingancin ayyukansa, kuma a 2016 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi.

Saboda haka, ɗalibin adabi da ma'aikacin gidan rediyo mai zaɓen fayafayai, ya wajaba su saurari ra'ayin jama'a da girmamawa, sa'an nan su tambayi kansu: waƙar ce ta gaza, ko kuwa kunne ne bai saba ba? Sabo, in ji magabata, turken wawa ne.